Gemun da Baba Ya Ajiye wa Yaya

Duk wani gemu mai kyau da ya shiga masallacin unguwarmu a Maamobi, cikin birnin Accra, ranar Juma'a, lokacin da nake tasowa, daga cikin kwalin sigari ya fito. Masu gemun ba su sani ba. Ni na sani, yayana ya sani, Mma ta sani, sai Baba, wanda ya gyara gemun da hannunsa.

Babana mai aski ne. Shagonsa na katako ne, a kan hanyar da ke gangarawa babbar magudanar ruwan da muke kira gota. Kujera ɗaya, benci ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwa. Abin da ya bambanta shi da sauran masu askin Nima da Maamobi yana rataye a ƙusa kusa da madubin: wasu ƙananan katuna, kowanne bai kai tafin hannu ba, an jera su tsakanin gilashin taga guda biyu, an naɗe bakin da baƙin tef. A kan kowane kati akwai zanen kyaftin ɗin jirgin ruwa. Farar hula, baƙar kwat mai maɓallan zinariya, ƙirji a buɗe, ido yana kallon wani wuri mai nisa da mu ba ma gani. Babu wanda ke gumi a cikinsu. Tekun da ke bayansu ma a kwance take lif, kamar an goge ta da dutsen guga. Sai kuma gemu, wanda shi ne maganar: wani mai tsini, wani mai faɗi kamar shebur, wani ya rabu biyu a ƙasa, wani ƙasumba ce ta haɗe da saje ba gashin baki.

Kakana ne ya tara su. Kuku ne a gidan wani Bature a Adabraka tun zamanin da, kuma Baturen mashayin taba ne na gaske. Kowane kwali yana zuwa da kati ɗaya a ciki. Bature ya sha tabarsa ya jefar da katin, Kaka ya tsince. Wannan shi ne asalin abin, kuma wannan ne labarin da ba a taɓa faɗa a shagon ba.

Labarin da ake faɗa a shago daban ne. Baba ya ce waɗannan su ne jagororin jiragen da suka riƙa kai alhazai Jidda kafin a fara hawa jirgin sama, bayin Allah ne masu riƙo da sunna, shi ya sa ka gan su da gemu. Akwai ɗaya da ya so ya ɓata masa labari, domin an zana shi da lofe a baki. Baba ya sa tsinin aska ya kankare kan lofen tas, ya bar sandar kawai tana leƙowa daga gefen baki. Daga ranar ya zama Mai Asuwaki, kuma babu gemun da dattawa suka fi so kamar nasa.

Bayan katunan kuwa yana kallon bango, kuma a can ya kamata ya zauna. Na gan shi sau ɗaya ina 'yar firamare, ranar da tef ɗin ya saki aka kawo gilashin gida don a sake naɗewa. A bayan kowane kati akwai hoton kwalin sigari a buɗe, karare sun leƙo kai, da rubutun Turanci a ƙasa. Ni da rawar kai na karanta da ƙarfi, cewa namijin da teku ke jin tsoronsa wannan tabar yake sha. Mma ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Uwata, makaranta aka sa ki ko tonon silili?" Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Tun daga ranar dokar shago ta ƙara tsauri: a kalli gilashi da ido, kada wanda ya kai masa hannu.

Yadda Baba yake aiki shi ne abin da har yau nake jin haushi da dariyarsa lokaci guda. Mutum zai zauna, a yafa masa zane, Baba ya ce, "Wanne?" Mutum ya nuna kyaftin ɗin da yake so. Shi ke nan, daga nan Baba ya gama da fuskarka. Idonsa na kan kati, almakashi na kan haɓarka. Yakan waiwayo ne kawai don ya tabbata bai yanke kunne ba. Ko fuskarka zagayayya ce kamar faranti, ko doguwa ce, ba ruwansa, kai ka zaɓa. Akwai wani Alhaji mai sayar da hatsi a Kasuwar Malam Atta, gajere mai kumatu, wanda ya ɗauki gemun Mai Asuwaki tun ina yarinya. Bai taɓa yi masa kyau ba ko na rana ɗaya, amma da shi ya je Makka, da shi ya aurar da 'ya'yansa, kuma yana shafa shi a sahun gaba yana jin kansa cikakken mutum.

A cikinmu duka babu wanda ya taɓa ganin kyaftin da idonsa. Teku tana nan a Accra, motar haya ta trotro ɗaya ce tsakaninmu da ita, amma mu mutanen Zongo ba ruwanmu da ita, ta ƙabilar Gā ce da masunta. Ruwan da muka sani shi ne na gota idan damina ta cika shi, ya taho da robobi da katifun mutane.

Mutum ɗaya ne ya ɗauki katunan nan da gaske, shi ne yayana. A ƙarƙashin gilashin ya girma. Ya san abin da ke bayan katunan kamar yadda na sani, amma shi gaban ne ya dame shi. Baba kuma ya riƙa zuba masa mai. Idan yana yi masa aski sai ya daki goshinsa da yatsa ya ce wa mutanen benci, "Ku dubi goshin nan. Goshin kyaftin ne." Da Yaya ya gama sakandare aiki ya ƙi samuwa, sai ya tafi Tema, ya yi ta zarya a bakin tashar jiragen ruwa har wani jirgin kamun kifi na baƙi ya ɗauke shi. Mma ta yi kuka. Baba ya yi sadakar koko da ƙosai.

Shekaru suka yi ta wucewa. Yaya yakan kira jefi-jefi, muryarsa can ƙasa, maganar ba ta wuce lafiya lau, a gaida kowa. Bai taɓa turo hoto ba, ko da waya mai hoto ta cika gari. Wannan bai hana shi samun ƙarin girma ba, sai dai duk a shagon Baba ake yi masa. Ni a lokacin na buɗe shagon ɗinki jikin nasa, falle ɗaya na katako ne tsakaninmu, don haka duk naɗin da aka yi a kunnena aka yi shi. Da farko yana aikin jirgi. Wata Sallah ya zama mai riƙe sitiyari. Da Sallah ta zagayo sai ga shi mataimakin kyaftin. Ranar da ɗan wani maƙwabcinmu ya dawo daga Jamus da mota, washegari da safe yayana ya zama cikakken kyaftin, ba tare da ya sani ba.

Baba bai tsaya nan ba. A ƙarshen layin katunan akwai wani matashin kyaftin mai baƙin gemu cikakke, an datse shi daidai a ƙarƙashin haɓa. Baba ya cire shi daga kasuwa. Duk wanda ya nuna shi sai ya ce, "Wannan an riga ka. Na yarona ne, yana nan zuwa." Samari suka yi ta naci, har wani ango ya zo da abokansa suna roƙo. Baba ya ƙi. Gemun ya zauna cikin gilashi yana jiran mai shi.

Wata Laraba da rana wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Ya ce yana tashar motar Circle, in zo ni kaɗai, kada in gaya wa kowa.

Na wuce shi har sau biyu a tashar mota ban gane shi ba. Sai da wani ramammen mutum da ke zaune kan jakar leda mai ratsi-ratsi ya ce, "Sista," sannan na tsaya. Ya yi baƙi, ya bushe. Yatsu biyu na hannun hagunsa sun ƙage ba sa lanƙwasuwa. Haɓarsa kuwa, haɓar da Maamobi duka ke jira, gashi ne tsilli-tsilli nan da can, da wani farin tabo da ya ratsa ta daga gefen baki zuwa wuya, inda ko gashi ɗaya bai fito ba. Na rungume shi ina kuka, warin kifi ya cika mini hanci, ban damu ba.

Muka zauna wajen wata mai waakye, wato shinkafa da wake. Ya ci kamar wanda za a ƙwace wa kwano. Da ya gama ya ciro sigari ya kunna, ya ga ina hararar sa, ya ce, "Chale, a duk abin da ke katunan Baba, wannan kaɗai na samu."

Na tambaye shi kyaftin ɗin gaske yaya yake. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce wani ɗan guntun mutum ne mai tumbi, da gajeren wando da silifas, haɓarsa sumul kamar ta jariri, yana cin taliya daga cikin tukunya yana zagin mutane da yaren da ba wanda ke ji. Shi kuwa Yaya aikinsa a can ƙasan jirgi yake, cikin ɗakin ƙanƙara, yana jera kifi a kwali. Sai ya yi kwanaki bai ga tekun da yake kanta ba. Sanyi ne ya cinye masa yatsu. Tabon kuma wata igiyar ƙarfe ce ta tsinke.

Na gaya masa matsayin da ya kai a shagon Baba. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce ya sani, labari yana kai wa har Tema, shi ya sa duk lokacin da jirginsu ya tsaya bai iya hawa mota ya zo gida ba. Ya murƙushe sigarin a ƙasa ya ce, "Sista, na gaji koraa, na gaji matuƙa. Ina so in zauna gida. Amma in Baba ya tsayar da ni gaban mutane ya ce kyaftin, wallahi ba zan iya ba. Jirgin bai tashi ba tukuna. Zan koma."

Na san halin yayana. Ba ya faɗin abu sau biyu.

Na kai shi gida ta lungu. Mma ta gan shi ta zube a ƙasa, ta riƙe hannun nan mai ƙagaggun yatsu tana ta juya shi, ba ta tambaye shi komai ba. Baba ya shigo da la'asar, ya rungume shi, ya yi hamdala da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Na zuba ido in ga ko zai dubi fuskar ɗansa. Ya dube ta irin duban da yake yi wa masu aski, wato ya tabbatar kunnuwa biyu suna nan. Sannan ya sanar cewa ranar Juma'a da safe, lokacin da benci ke cika, zai yi wa kyaftin gyaran fuska da hannunsa, daga nan a wuce masallaci tare.

Ranar Alhamis na sami Baba a shago ba kowa, yana wasa aska a jikin fata. A kan kujera ga wata farar hula mai baki da ya sayo wajen 'yan gwanjo, ya sa an wanke an goge. Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, Yaya ba kyaftin ba ne. Kifi yake jerawa. Kuma ba shi da gemu. In ka sa masa hular nan, zai tafi, ba za mu ƙara ganinsa ba."

Ya ce, "Uwata, ke ki tsaya kan kekenki. Gemu aikina ne."

"Wane gemun? Babu shi!"

"Ke ba ki san abin da almakashi ke iyawa ba."

Na fita na bugo masa ƙofa har gilashin ya girgiza a kan ƙusa. Da zan iya, da na ɗauke shi na jefa a gota.

Ranar Juma'a benci ya cika har wasu na tsaye a waje. Alhaji mai hatsi yana zaune a gaba, da sauran dattawan da kowannensu ke ɗauke da gemun wani kyaftin. Na bar ɗinki na tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya iya kora ta. Yaya ya shigo cikin farar jallabiyar da Mma ta ba shi, hannun hagu a aljihu. Aka yi ta "Sannu da zuwa, Kyaftin! Akwaaba, Kyaftin!" Yaya ya zauna, Baba ya yafa masa zane. A karo na farko a tarihin shagon, Baba bai ce "Wanne?" ba. Ya ɗaga almakashi ya nuna matashin kyaftin na ƙarshen layi, mutane suka yi kabbara.

Ya kafa ido a kan kati kamar kullum, ya kai almakashi haɓar Yaya. Ƙyas, ƙyas, almakashi yana cin iska. Ya matsa gefe, ƙyas, babu abin da ya faɗo kan zanen. Shagon ya fara yin shiru.

Yaya ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "Baba, ni ba kyaftin ba ne. A ɗakin ƙanƙara nake, kifi nake jerawa. Ban taɓa taɓa sitiyari ba."

Alhaji mai hatsi ya gyara zama ya ce, "Ka ji tawali'u! Haka manya suke."

Baba ya ajiye almakashi ya kai hannu don ya lalubo inda gashin yake, idonsa har yanzu a kan gilashi, don shekara da shekaru wuyansa ya saba juyawa can. Sai yatsansa ya faɗa kan tabon. Na ga hannun ya tsaya. Ya bi tabon a hankali daga gefen baki har wuya. Ya juyo ya kalli Yaya, idon ya sake komawa kan kati da kansa, ya dawo, ya sake komawa. Abin ya ba shi haushi. Ya yi tsaki, ya miƙa hannu ya cire gilashin daga ƙusa, ya juya shi, ya mayar ya rataye, kyaftin-kyaftin duka suna kallon bango.

Ban sani ba ko ya manta abin da ke bayan, ko ya tuna bai damu ba. Na tambaye shi daga baya ya ce in tsaya kan kekena. Abin da na sani shi ne, kwalayen sigari suka bayyana reras a layi, kowanne a buɗe, a gaban manyan dattawan Maamobi, ranar Juma'a da safe.

Alhaji mai hatsi ya laluba aljihu ya ciro tabarau. Ya miƙe ya matsa kusa. Ya daɗe yana kallo, hannunsa yana kan gemunsa.

"Malam, wannan ba sigari ba ne?"

"Shi ne, Alhaji."

"To, Mai Asuwaki fa?"

"Lofe ne, Alhaji. Ni na kankare. Don Allah zauna in gama da yarona."

Na toshe bakina da mayafi, ina dariya ina kuka. Wani dattijo ya tashi ya fita yana salati. Wani ya bi shi. A makonnin da suka biyo baya maganar ta zaga har Nima, samari suka riƙa tsokanar tsofaffi da tambayar wace taba ce gemunsu, mutum biyu ko uku suka aske nasu ƙwal don fushi. Yawancinsu dai sun dawo, har da Alhaji mai hatsi, domin duk Accra babu wanda ya iya gemun sai Baba, kuma matansu sun saba ganinsu a haka. Farar hular ta ƙare a kan wani mai tura baro a Kasuwar Malam Atta, inda Yaya yake aiki yanzu a wani shagon kifin ƙanƙara. Ya ce aikin ɗaya ne, sai dai a nan ƙasa ba ta motsi kuma yana kwana a gida.

Amma a wannan safiyar Baba bai san wa ya fita wa ya zauna ba. Ya kaɗa sabulu ya shafa wa Yaya, ya ɗauki aska. Babu katin da zai kalla, dole ya kalli abin da ke gabansa. Ban taɓa ganin ya yi aski a hankali haka ba. Ya kwashe 'yan tsilli-tsillin gashin ɗaya bayan ɗaya, ya zagaye tabon kamar mai tsoron ya tashe shi daga barci. Yaya ya fito da hannun hagunsa daga aljihu ya ɗora kan hannun kujera, Baba ya gani, askar ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba.

Da ya gama ya jiƙa tawul ya goge masa fuska. Ya riƙe haɓar da yatsu biyu, ya juya ta dama, ya juya ta hagu. An fara kiran sallah a masallaci, bai motsa ba.

"Ashe haɓar uwarka ce da kai," in ji shi. "Ban taɓa lura ba."